Ƙwaro Mai Ƙafa Arba'in

A masana'antar maɓalli da ke bakin kogi kowa ya san ɗakin Elfriede Hopf, amma ba kowa ke shigarsa ba. Yana can ƙarshen baranda a bene na biyu, da taga ɗaya da aka gitta wa ƙarafuna, da ƙofar da ake danna wa hatimi a kan ɗan curin danƙo kowace yamma. Kada wani ya ɗauka don Elfriede aka yi wannan gata. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga takardu a wurin, ko labule babu wanda ya taɓa tunanin sa mata. Don kwamfutar aka yi.

Ita kwamfutar ruwan toka ce, ta cinye fiye da rabin tebur, da ɗan allo mai koren rubutu, da baki biyu inda ake zura mata faifai masu faɗin faranti. In an kunna ta da safe sai ta yi gurnani, ta yi gyaran murya, kafin ta yarda ta yi aiki. Ranar da aka kawo ta, shekara uku da suka wuce, Darakta Günzel ya yi jawabin minti arba'in a kan yadda ƙasar ma'aikata da manoma ta kamo duniya. Da aka zo zaɓen wadda za a tura kwas, sai ya tsallake 'yan matan ofis duka, wai su ana gama koya musu za su tafi hutun haihuwa na shekara guda. "Frau Hopf dai ba za ta ba mu mamaki ba," in ji shi. Aka yi dariya, har da ita.

Wata Lahadi a watan Afrilun 1988 maƙwabciyarta, tsohuwa Frau Ziegler, ta dawo daga Yamma, wato ɗaya rabin ƙasar da aka raba biyu. 'Yar fansho ce, su ne gwamnati ke bari su tsallaka iyaka, tunda ko sun ƙi dawowa an huta da ciyar da su. Ta ƙwanƙwasa ƙofar Elfriede ko kwat ɗinta ba ta cire ba.

"Frida, na je wurin yayarki. Ki zauna tukuna."

Lilo ke nan, wadda ta auri wani mai gyaran famfo ta bi shi garin Kassel, can Yamma, tun kafin a rufe iyaka. Ciwon daji ne, in ji Frau Ziegler, kuma likitoci sun sallamo ta gida, sun ce da wuya ta ga kaka.

"Ta rame, sai idanu. Kuma kamar abin ya fara taɓa mata kai. Kullum sai ta sa mijinta ya canza zanen gado a wani ƙaramin ɗaki da babu mai kwana a ciki. Shi ma bawan Allah yi kawai yake."

Elfriede ta yi kuka, amma hankalinta bai tashi sosai ba. Ranar tara ga Yuni za ta cika sittin, ta zama irin su Frau Ziegler. Ko kafin nan ma doka ta yarda mutum ya je duba ɗan'uwa da ke bakin mutuwa, in wurin aikinsa ya sa hannu. Sa hannun Günzel kuwa, a ganinta, bashi ne ma take binsa na alheri, ga kuma dalili.

A sanyin bara, lokacin da wuta ta yi ta ɗaukewa tana dawowa, wata safiya kwamfutar ta ƙi tashi. Detlef Anschütz, mai gyaran da ke zagaya masana'antun gundumar, ya buɗe cikinta ya nuna wani baƙin abu mai tsawon ɗan yatsa, da ƙafafu ashirin ta kowane gefe. Shi ne ƙwaƙwalwar na'urar, amma masu gyara ƙwaro suke ce masa.

"Ya mutu," in ji Detlef. "Zan sa sunanku a layi. Wata takwas, in an yi sa'a."

Günzel ya dafe cikinsa, don yana da gyambon ciki da ke tashi duk sanda aka ambaci rahoton wata. Detlef ya dubi silin ya ce, kamar mai magana da kansa, ai shi ƙwaron gida kwaikwayon wani na Amurka ne, ƙafa da ƙafa, kuma a can tsallake a kanti ake sayar da shi kamar batir. Günzel shi ma ya dubi silin ya ce, Frau Hopf, ya lafiyar yayarki kuwa?

Elfriede ta gane, ta rubuta wa Lilo. Bayan mako shida ƙunshi ya zo, da sabulu, da safa, da kofi. A tsakiyar garin kofin ga ƙwaro nan, ƙafafunsa a soke cikin wani baƙin soso. Elfriede ba ta ko zare shi ba, don Detlef ya gargaɗe ta cewa taɓin hannu kawai na iya kashe shi. Haka ta miƙa masa, shi kuma ya danna shi a gurbinsa da sauri, Günzel na tsaye a kansa yana huci. Allo ya kawo kore. Suka sha kofin su uku.

Daga baya Lilo ta rubuto tana tambaya: "Kin duba abin da na aiko miki da kyau?" Elfriede ta amsa mata: "Yana aiki lafiya lau, na gode. Darakta ma ya gode."

Da wannan ƙarfin gwiwa ta shiga ofishin Günzel ranar Litinin da takardar neman izini a hannu.

"Frau Hopf, zauna mana. Kofi? Na gida ne fa, rabinsa hatsi, ki yi haƙuri."

"Sa hannu kawai nake so, Kwamared Darakta. Kwana goma."

Ya karanta takardar har ƙasa, ya sake komawa sama. Günzel ba mugu ba ne, wannan shi ne abin haushin. Mugu ka san inda za ka kama shi. Shi kuwa mutum ne da tsoro ya yi wa yawa har ya zama masa ladabi. Ya jawo aljihun tebur ya fito da wata takarda ya shimfiɗa a gabanta.

"Wannan sa hannun wa?"

Nata ne. Ta tuna ranar, cikin watan Oktoba. Tasu ce kaɗai kwamfutar da ke aiki ba fashi a duk gundumar, saboda haka aka ɗauko lissafin maɓallan kayan sojoji daga wata masana'antar aka ɗora mata. A ranar ne aka sa wa taga ƙarfe, aka kawo hatimin ƙofa, wani mutum mai ruwan ƙasan kwat ya ba ta takardu huɗu ta sa hannu. Ta san a ciki an ce ta daina rubuta wa 'yan Yamma wasiƙa, ta kuma daina, tana cewa a ranta ai wata takwas ne ya rage. Shafi na uku ne ba ta karanta ba, don lokacin cin abinci ya yi kuma ranar ana ba da nama.

"Rigar soja maɓalli nawa?" in ji Günzel.

"Biyar a gaba, biyu a aljihu, biyu a kafaɗa."

"Tara. To wanda ya san maɓalli nawa muka aika bara, ya raba da tara, me ya sani?"

"Ni ban taɓa rabawa ba."

"Ba su ce kin raba ba. Cewa suka yi kina iya rabawa."

"Maɓalli fa, Kwamared Darakta. Na roba. Rabinsu ma tsinkewa suke a wanki."

"Ba ni na rubuta dokar ba." Ya ɗora yatsa a shafi na uku. "Mai riƙe da sirrin ƙasa ba ya fita. In ya bar aikin, sai ya jira shekara biyar daga ranar da ya taɓa na'urar na ƙarshe. Fansho ko ba fansho ba."

Rijiya ta ba da ruwa guga ya hana, in ji masu magana, amma a nan Elfriede ta rasa ma wane ne gugan. Ta ji kanta ya yi zafi, ta faɗi abin da ba ta shirya faɗa ba.

"Sirrin ƙasar ai a cikin ƙwaron Yamma yake yawo. In na buɗe baki a kan abin da ke cikin na'urar nan, har da kai za a tafi."

Günzel ya tashi ya duba ko ƙofa a rufe take, ya dawo ya zauna, ya yi ƙasa da murya.

"Wa ya rubuta wasiƙar, Frau Hopf? Sunan wa ke kan ƙunshin? Ni dai kofi aka ba ni na sha. Don Allah kada ki sake faɗin wannan ko a gidanki, ina jin tausayinki ne."

Da gaske kuma tausayin nata yake ji, har ya rako ta bakin ƙofa.

Ta yi abin da kowa ke yi in ya rasa yadda zai yi, ta rubuta takardar koke zuwa sama. A kan kwamfutar ta buga ta, tunda tun da aka kawo ta aka kwashe mata tafireta. Ta lissafo shekarunta na aiki, da lambobin yabo uku, da cewa ko makara ba ta taɓa yi ba. Bayan mako uku amsa ta zo, layi huɗu, an duba batunta da idon basira, ba za a iya ba. Tana ganin rubutun ta gane irin na'urar da ta buga shi. 'Yar'uwar tata ce sak, har da yadda take ɗan karkatar da layi na ƙarshe. Wata mace a wani ɗaki mai ƙarfen taga ce ta zauna ta buga mata wannan, wataƙila ita ma tana da yaya a wani wuri.

Haka Mayu ya shiga. Ƙarfe bakwai saura kwata ta karya hatimi, ta kunna, ta jira gurnani ya lafa, ta zura faifai. Maɓalli mai rami biyu, mai rami huɗu, mai ƙafa, kore, ruwan toka. Abin da ya fi ci mata rai shi ne kowace safiya da ta ɗora yatsa a kan madannai, shekara biyar ɗin sun koma farko. Jiya ba ta rage komai ba. Ta roƙi a mayar da ita ɗakin buga takardu, aka ce babu mai karɓarta, sai an tantance wata, tantancewa kuwa wata shida ce. Ta yi tunanin kwanciya ciwon ƙarya, ta tuna likitan masana'anta surukin Günzel ne. Daga tagarta tana hango layin dogo, kuma jirgin ƙarfe sha ɗaya da kwata, wanda 'yan fansho ke hawa, yana wucewa ne daidai lokacin da take canza faifai. Da ba ta taɓa lura da shi ba.

Ta tsani na'urar, ta faɗa wa kanta haka ƙarara. Amma ta kasa dukanta ko sau ɗaya, don abin da ke motsi a cikinta daga hannun Lilo ya fito.

Ƙarshen wata Detlef ya zo share ƙura. Mutum ne mai sanƙo da yawan barkwanci, ya kusa hamsin, kullum aljihunsa cike da sukurori.

"Ina kwana, uwar na'ura. Ya jaririyar? Tana ci tana sha?"

"Detlef, mataccen ƙwaron nan na bara, ina ka kai shi?"

"Yana aljihun teburinki, ke kika ce a bar miki na tarihi." Ya dube ta, murmushin ya ragu. "Me ya kawo maganarsa?"

"Yaya ake cire mai ran?"

"Ba a cirewa."

"In za a cire."

Ya ci gaba da goge fankar na'urar kamar bai ji ba. Can ya ce, "Frau Hopf, ko kin kashe ta, ba za su bar ki ki tafi ba. Ba na'urar suke tsare ba, kanki suke tsare."

"Na sani. Amma ƙirgen zai fara."

"Shekara biyar fa. Ita yayar taki..."

"Na ce na sani."

Detlef ya share sanƙonsa. Ya ce shi bai ji komai ba, bai ga komai ba, yana da 'ya'ya biyu da suna a layin sayen mota tun shekara goma sha ɗaya. Sannan ya ce wa fankar, ba ita ba, wai akwai wawayen da ke fizgo ƙwaro ta gefe ɗaya su lanƙwasa masa ƙafa, alhali mai hankali kashe wuta yake, ya taɓa bututun ɗumama ɗaki tukuna don wutar jikinsa ta sauka, ya sa bakin sukurdireba a hankali ta nan, ta can, ta nan, ta can. Da zai tafi ya manta ƙaramar sukurdirebarsa a kan taga. In an kira shi gyara, in ji shi daga bakin ƙofa, ƙwaron gida zai tarar a ciki, matacce, ya sa su a layi.

Ranar tara ga Yuni ta faɗo Alhamis. Ƙarfe biyu 'yan ofis suka taru a ɗakin cin abinci, aka kawo kek mai 'ya'yan itacen ceri da jajayen furanni, aka rubuta a littafin tarihin ƙungiyar aiki cewa abokiyar aiki Hopf ta cika sittin cikin ƙoshin lafiya da himma. Günzel ya yi jawabi, gajere wannan karon. Ya ce bisa doka daga wata mai zuwa tana iya zama a gida, amma ƙungiya na roƙonta ta ƙara ko shekara biyu, don ita da na'urar sun zama ɗaya. Aka tafa. Wata daga cikin 'yan matan ta raɗa mata, "Kin huta, Frau Hopf, yanzu sai Yamma. Ki taho mini da jan baki." Elfriede ta ce to.

Ƙarfe huɗu saura aka watse. Ta hau sama da furanninta, ta rufe ƙofa, ta ajiye su a kan kujera. Rana na shigowa ta tsakanin ƙarafunan taga. Ta kashe wuta, ta jira fanka ta tsaya, ta taɓa bututun ɗumama ɗaki kamar yadda aka ce wa fanka. Sukurori huɗu, murfi ya tashi. Ga shi nan a tsakiyar koren faranti, baƙi, ɗan ƙarami, abin da ya hana ta ganin yayarta. Hannunta na mai buga takardu ne, ya san aiki. Ta nan, ta can, ta nan, ta can. Ya fito da ƙafafunsa arba'in cif, da sauran ɗuminsa.

Ta danna mataccen a gurbin, ta mayar da murfi, ta ɗaure sukurori. Ta dubi kalandar bango ta ƙirga: tara ga Yuni, 1993. Ta san ba don Lilo take ƙirgawa ba. Ta yi ne kawai don a ce yau ta rage wani abu.

Sai da ta zo naɗe shi a hankici ta juya shi. A cikinsa, tsakanin layin ƙafafu biyu, an manna wata siririyar takarda da zafi ya mayar ruwan ƙasa. Da farko ta zaci lambar kanti ce, haka ma Detlef zai zata a ranar da Günzel ke huci a kansa. Ta ɗauko tabarau ta matsa kusa da taga. Rubutun fensir ne, ƙanana ƙwarai, kuma ta san hannun tun suna makarantar firamare.

"Frida, ranar da kika cika sittin ki zo, kada ki koma. Na sayi gadonki."

Ta karanta sau uku. Ba za a rubuta irin wannan a wasiƙa ba, wasiƙa sai an buɗe ta a hanya. Lilo ta nemi wuri ɗaya da ta tabbata ƙanwarta ce kaɗai za ta duba. Wata goma sha biyar maganar nan tana kife, taƙi ɗaya daga hannun Elfriede, tana ɗumi kowace rana daga bakwai saura kwata zuwa huɗu. Ashe ba kai ciwon ya taɓa ba. Zanen gadon na Elfriede ne.

Ta zauna a kan kujera, a kan furannin, ba ta ma ji su ba. Abin da ya tsaya mata a ƙirji ba shekara biyar ba ne, ba kuma Günzel ba. Wasiƙar ƙarshe ce da aka bar ta ta rubuta. Lilo ta tambaye ta ko ta duba da kyau, ta kuma zauna a Kassel tana jiran amsa, ta buɗe ambulan, ta karanta abin da ƙanwarta ta ce game da gayyatar da gadon: yana aiki lafiya lau, na gode, darakta ma ya gode.

A ƙasa mai gadi ya buga ƙararrawar tashi. Elfriede ta naɗe ƙwaron ta sa a aljihun kwat, ta fita, ta ja ƙofa, ta danna hatimi a kan danƙo yadda take yi kullum. Frau Ziegler za ta sake tsallakawa ranar ashirin da uku. A kan matakala Elfriede ta ƙirga da yatsu, kwana goma sha huɗu, tana roƙon Allah a ranta ya bar Lilo ta kai, ko don a gaya mata da baki cewa an duba.